Na Kai Ummi Yaye Daura

 Ina ba ku haƙuri. Mako biyu ke nan ba ku ji ɗuriyata ba, har wata 'yar'uwa ta rubuto tana tambaya ko Malama ta yi yaji ne. Ban yi yaji ba, muna nan lafiya lau da Maigida. Tafiya ce ta kama ni zuwa gida Daura, na je na kai yarinyata yaye. Yau kwanana 5 da komowa Zariya. Ga ni zaune ina rubuta muku wannan, ba mai fizge mini alƙalami, ba mai yaga mini takarda, amma kuwa ban taɓa shan wuyar rubutu kamar yau ba.

Ba zan faɗa muku sunanta ba, kun san dalili. 'Yar fari ce, ga shi kuma sunan mahaifiyar Maigida ta ci, watau kunya biyu ta haɗu a kan mutum ɗaya. Ummi mu ke ce mata. Watanta 21. Tun tana da wata 17 Inna ta ke aiko mini da saƙo, wai me na ke jira, ko sai yarinya ta fara zuwa talla sa'an nan za a cire ta? Ni kuwa ina ta jan ƙafa, domin abin da aka koya mana a kwaleji, aka kuma maimaita mana a wurin awo, shi ne nono zalla wata 6, daga nan a haɗa da abinci a ci gaba da shayarwa har shekara 2. Addini ma shekara biyun ya ambata. To, amma ga babban hutu ya zo, in na bar shi ya wuce ba ni da sauran sukunin tafiya sai Disamba. Maigida ya ce in shirya, na shirya.

Da ma tun watanni biyu da suka wuce na fara rage mata. Na safe ya daɗe da faɗuwa, tun da ina makaranta har azahar. Na janye na rana, saura na dare kaɗai. Ina ba ku shawara ku bi wannan hanya, ta fi sauƙi ga yaro, ta fi sauƙi ga ƙirjin uwa.

Kwana uku na yi ina haɗa garin kununta, bari in gaya muku yadda na ke yi, don ba mako da ba a tambaye ni. Gero kwano 3, waken suya kwano 1, gyaɗa kwano 1. Ki wanke geron ki rege tsakuwa, ki shanya, ki soya shi sama-sama a kasko ba mai. Waken suya ki jiƙa shi, ki murje ɓawon, ki shanya ya bushe sarai, sa'an nan ki soya har ƙarnin nan ya fita. Gyaɗa kuwa ki zauna ki tsince ta ɗaya ɗaya, duk wadda ta yi funfuna ko ta yanƙwane ki yar, kada ki ji asara, gama ita ce mai cutar hanta. Ki haɗa duka ki kai inji. In za ki dama, ki dama da kauri, yadda in kin karkata cokali ba zai tsiyaye kamar ruwa ba. Cikin yaro ɗan ƙanƙane ne, in kika cika shi da tsararo ya ƙoshi ke nan, alhali bai ci kome ba. Bayan garin na ɗauki katinta na rigakafi, da gidan sauro, da ƙunshin garin gishiri da sukari na asibiti, da ƙwayar zink. Tsarabar Inna kuwa turmin atamfa, da sabulu, da mazarƙwaila irin ta wajen Maƙarfi, wadda ta ke so ƙwarai.

Muna idar da sallar asuba Maigida ya raka mu tasha, don ba na son dare ya yi mana a hanya. Kuɗin mota ba sai na gaya muku ba. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 zumunci ya koma na waya, wanda da ya ke zuwa gida kowane hutu yanzu sai shekara. Mu huɗu aka jera a baya, ni da Ummi bisa cinya, da wata tsohuwa kusa da ni. Ko ƙofar gari ba mu bari ba tsohuwar nan ta dubi ƙullin garin, ta dubi yarinya, ta dube ni, ta ce, "'Yar nan, yaye za a kai?" Na sunkuyar da kai na ce i. Ta ce, "Ta fari ce?" Na yi shiru. Ta yi dariya ta ce, "To, ki yi kukanki a mota, kada ki kai shi gida." A raina na ce wannan tsohuwa da neman magana ta ke, ni da na yi shekara uku ina karatun tarbiyyar yara.

Daga Zariya zuwa Kano kusan kilomita 140 ne, hanya kuwa tun da aka sāke ta sai santsi. Damina ta yi kyau. Daga Tashar Yari har Kwanar Ɗangora masara da dawa sun rufe ƙasa, da muka kusa Kura sai shinkafa kore shar iyakar ganinki. Ku 'yan makaranta ku lura, wannan wuri ko da rani haka ya ke, domin ruwan madatsar Tiga a ke korowa ta magudanai ana ban ruwa da shi. A Kano ruwan sama ya tare mu wajen sāke mota, muka shiga adaidaita sahu da kaya a ka, gefen atamfar Inna ya jiƙe. Muka zauna fiye da awa biyu kafin motar Daura ta cika. Muka bi ta Ɗambatta, muka wuce duwatsun Kazaure, muna hangen aikin hanyar jirgin ƙasa ta Kano zuwa Maraɗi, wadda aka aza harsashinta a 2021. Direba ya ce in an gama har Daura za mu riƙa zuwa a jirgi. Allah ya nuna mana. Ummi dai ba ruwanta da jirgi, kunu ta ke nema, ni kuwa ina ta tsiyaya mata daga fulas ɗin da na cika tun asuba. Na ƙarshe a Kazaure na ba ta, ƙarfe 2 ta wuce. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

Da la'asar muka yi sallama a gida. Inna ko kallona ba ta yi ba, sai ta sure yarinya tana cewa, "Oho, kishiya ta iso! Da wannan ɗan hancin za ki ƙwace mini gida?" Sai da ta gama juya ta, ta duba haƙora, ta matsa cinya, sa'an nan ta ce mini, "Malama, an zo lafiya?" In Inna ta ce mini Malama, to, akwai magana a ƙasa. Gidan ya yi mini faɗi. Shekara biyu ke nan da rasuwar Baba, daga Inna sai Auta, sai Goggo da ta ke zuwa daga ƙauye ta yi kwanaki. Auta kuma bana ta gama sakandare, tana jiran sakamako ta tafi karatun ungozoma.

A daren muka fara. Shirin Inna shi ne na kullum: an riga an karɓo rubutu wurin malamin unguwa, za a shafa mini maɗaci, yarinya ta kama ta ji ɗaci ta saki, gobe da asuba in sulale in koma Zariya tun ba ta farka ba. Na ce, "Inna, rubutu dai a ba ta, amma ki yi mini haƙuri da maɗacin. Ki kuma bar ni in yi mako guda, ta saba da ku tukuna." Inna ta ce, "Bakwai na yaye, har da ke. Littafi ne ya yaye ki?" Goggo ta kama mata. Da safe kuma aka tashi da maganar ƙwai. Kun san damina ce, zabi suna ta zuba, ga ƙwai cike da ƙwarya a ɗakin Inna. Na dafa ɗaya zan ba Ummi, Goggo ta riƙe baki ta ce yaron da ya saba da ƙwai ɓarawo ya ke zama. Kafin in buɗe baki Auta ta ce, "Goggo, ai duk ɓarayin da aka kama a unguwar nan ba wanda ya yi kama da mai cin ƙwai." Har Inna sai da ta yi dariya, Ummi ta cinye ƙwanta. Na ji daɗi a raina, na ce lalle ilmi ya yi rana.

Daren kwana na biyu zawo ya kama yarinya. Kafin tsakar dare ta yi sau biyar, ta yi laushi, ko kuka ba ta iya yi da ƙarfi. Goggo ta ce haƙora ne. Can kuma ta ce nonon ne ya lalace, tun da an yi niyyar yaye ba a cika ba. Ban tsaya gardama ba, na tafasa ruwa na bari ya huce, na auna lita 1, na juye ƙunshi ɗaya a ciki. Wadda ba ta da na asibiti a kusa, ga yadda za ta yi kafin ta samu: ruwa mai tsabta lita 1, watau ledar ruwan sayarwa biyu irin mai rabin lita, sukari ƙaramin cokalin shayi 6 a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Kada ki ƙara gishiri don neman ƙarfin magani, yawansa cuta ne. Abin da ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. Zink kuwa ƙwaya ɗaya kullum har kwana 10 ko 14, ko da zawon ya tsaya. Na kuma mayar da ita nono a daren nan, na ce wa Goggo ba a yaye yaro yana ciwo. In kuwa kika ga idon yaro ya faɗa, ko ya ƙi shan kome, ko yana amai ba tsayawa, ko da jini a bayan gidansa, ko jiki ya yi zafi, kada ki jira gari ya waye, ki nufi asibiti.

To, haɗawa na iya, amma bayarwa ta gagare ni. Na kafa mata kofi ta ture, na matsa mata ta amayar, hannuna sai rawa ya ke yi. Inna ta ce, "Ba ni ita nan." Ta ɗora ta a cinya, ta ɗauki ƙaramin cokali, tana yi mata 'yar waƙa ƙasa-ƙasa, ta ɗiga cokali ɗaya a gefen baki, ta dakata, ta sāke ɗigawa. Haka ta yi har kiran assalatu, ba ta gyangyaɗa ba, ba ta yi gaggawa ba. Da hantsi yarinya ta yi fitsari, ta nemi abinci. Na yi hamdala.

Da rana ina wanki sai ga Inna da fulas ɗina a hannu. Ta cire murfin, ta ɓamɓare robar da ke cikinsa, ta miƙo mini ta ce, "Malama, shinshina." 'Yan'uwa, tsami ya bugi hancina. Tsohon kunu ne ya maƙale a ƙarƙashin robar, ni kuwa kullum sai in ɗauraye fulas in kife, ban taɓa sanin ana cire ta ba. Ga shi kuma ya tsufa, ba ya riƙe zafi, kunun asuba na yi ta ba yarinya har bayan azahar. Ni da na ke tsayawa gaban aji ina koyar da tsabta! Inna ba ta ƙara ko kalma ba, ba ta kuma gaya wa Goggo ba, abin da ya fi duka kashe mini jiki ke nan. Ku je yau ku duba murafen fulas ɗinku. In kuma za ku yi doguwar tafiya da yaro, ku riƙe garin a bushe da tafasasshen ruwa dabam, ko ku ba shi ayaba da dafaffen ƙwai, ya fi kunun da ya wuni.

Mako guda ya zama kwana 12, don sai da ta warware sarai muka cire ta, ba maɗaci. Inna ta koyi dama garin nan da kauri, har tana ƙara masa ɗan man gyaɗa. Ta koma kwana da ita a ɗakinta, ni ina ɗakin Auta ina jin kukan ta bango, ina cusa kai cikin matashi. Dare biyu ta yi tana nema, a na uku ta yi barcinta.

Yanzu ga maganar da ta sa na ce rubutun yau ya yi mini wuya. Ana jibi zan taho, bayan sallar lisha, muna zaune a tsakar gida ana gasa tumu, Inna ta ce, ba ta ko dube ni ba, "Ke ga aiki, gobe kuma Allah zai kawo wani. Auta za ta tafi. Ki bar mini ita mana." Na gane ba kwana arba'in na yaye ta ke nufi ba, riƙo ta ke nufi. Na ji kamar an zare mini laka. Amma me zan ce? 'Yar fari ce. A gaban Inna ko ɗaukarta ba na yi sai da dalili, ko sunanta ba na kira, yaya zan buɗe baki in ce ina son 'yata? Na ce, "To, Inna." Wannan "to" kuwa kun san ta, ba i ba ce, ba a'a ba ce.

Na kwana ina neman hujja. Na fara da makaranta, domin Yayarmu, 'yar farin Inna, ran da aka yaye ta Goggo ta goya ta zuwa ƙauye, ba ta komo ba sai da aure ya tashi. Allo kaɗai ta yi, ni da aka bari a gida na kai kwaleji. Har yau in na kai mata ziyara ta kan shafa littattafan da ke jakata ta ce, "Ke kin more." Amma wannan hujja ba ta tsaya ba, gama Inna a cikin gari ta ke, ga makaranta a bayan gida, ita ce kuwa ta sayar da tumakinta ta biya mini kuɗin jarrabawa. Na koma kan lafiya, sai na tuna wanda ya kwana da cokali a hannu, da wanda ya zo da fulas mai tsami. Ban kuma ga laifin riƙo a kan kansa ba. Da yawa cikinku kakanni suka rene ku, kun kuwa fi waɗansu tarbiyya. Yaya ma ba ta da wanda ta ke so duniya kamar Goggo. Sa'an nan na tuna Inna tana da shekara 17 aka ɗauke mata tata 'yar farin, ba ta ce uffan ba, yau kuwa ga ta ita kaɗai cikin gida mai ɗaki biyar. Da na kakkaɓe duka, abin da ya rage mini ɗaya ne, ina son in riƙa ganin yarinyar nan kullum, in ji kalmar da za ta fara haɗawa, in yi mata kitso da hannuna. A nan kaɗai na ke iya faɗin haka, don Inna ba ta karanta boko, Auta kuma na san ba za ta tona ni ba.

Na buga wa Maigida waya na gaya masa. Ya ce, "Ai abin da Inna ta ce shi za a yi." Haka maza su ke, in magana ta yi nauyi sai su tura ta gidan surukai. Har zan kashe sai na ji ya yi gyaran murya ya ce, "Amma fa wa zai riƙa ɗauke mini hula in na dawo?"

Wanda ya fisshe ni, ba za ku yarda ba, Goggo ce. Da safe ta same ni ina shara ido a kumbure, ta dube ni ta daɗe, ta wuce ɗakin Inna. Ban ji duk abin da suka ce ba, amma na ji Goggo tana cewa, "Ni na ɗauki taki, na kuwa ga yadda kika rame shekarar nan. Kin manta ne?" Da suka fito Goggo ce ta yanke: yarinya ta yi arba'in ɗinta na yaye, in sun cika Inna da kanta ta kawo ta Zariya, ta zauna mana wata guda, a kuma duba mata idon nan na hagu da ya ke yin hazo, wanda shekara guda muna roƙonta tana ƙi. Abin da zai biyo baya a tattauna a can. Inna ta ce, "Allah ya kai mu." Ita ma tata "to" ɗin ke nan.

Na bar wa Auta katin rigakafi, na nuna mata an yi allurar ƙyanda ta wata 9 da ta wata 15. Na ce ta kasa kunne ga ma'aikatan lafiya masu bi gida gida da damina suna ba yara 'yan ƙasa da shekara 5 maganin rigakafin zazzaɓin sauro kowane wata, kada a tsallake Ummi, kada kuma a bar ta ta kwana waje da gidan sauro ko da ana zafi. Da asuba na fito, yadda Inna ta so tun farko. Na leƙa, tana barci ta ƙanƙame zanen Inna. Ban taɓa ta ba, Inna na kallo. Muna wuce Kazaure na ji gaban rigata ya jiƙe, na ja mayafi na rufe har fuska, na bi shawarar tsohuwar mota.

Masu yaye, in ƙirji ya cika ya yi tauri, ku tatse kaɗan don ku sami sauƙi, kada ku tatse duka, ku ɗora tsumma mai sanyi. Kada ku ɗaure shi tamau da zane. In ya yi ja, ko zazzaɓi ya biyo, a ga likita. Nawa ya sauka cikin kwana huɗu.

Gida kuwa na tarar da abin da kuka sani. Gas ya ƙare, tukunyar miyata ta ƙone har gindi, Maigida ya rantse ba shi ba ne, alhali daga shi sai kyanwa a gidan. Alayyafon bayan ɗaki ya yi 'ya'ya, zogale ya fi katanga. Na jiƙa tukunyar da toka ta kwana, ta fita, saura baƙi kaɗan. Jiya ina shara na zaro takalminta ƙafa ɗaya a ƙarƙashin gado, ɗayan yana Daura.

Yanzu roƙona gare ku, musamman iyayenmu da a ke karanta wa wannan fili. Saura kwana 33 Inna ta zo. Wadda ta taɓa karɓo ɗanta daga hannun mahaifiyarta ba tare da an ɓata ba, ta rubuto mini yadda ta yi, da irin maganar da ta faɗa. Wadda kuma ta bar nata, ta gaya mini yadda abin ya kasance daga baya. Ba zan buga sunan kowa ba. Wasiƙunku da suka taru, har da ta 'yar makarantar da ta ke tambayar yadda a ke fid da tawada daga farin hijabi, sai mako mai zuwa in Allah ya yarda.

Taku,
Malama